Yadda Ake Tambayar "Me Ya Faru?" da Yaren Kantonis, Don Masu Zuwa Sari Gwanzu da Hong Kong

Maganar farko da kusan kowane ɗan kasuwarmu yake tsinta a kudancin ƙasar Sin ita ce "mou man tai", wato babu matsala. Tana da daɗin faɗa, kuma mai shago zai jefo maka ita sau goma kafin ka gama ƙirga kuɗinka. Ni ma da ita na fara. Abin da ban iya ba a lokacin shi ne yadda zan buɗe baki ranar da matsalar ta zo da gaske.

A wata tafiya na biya kuɗin katan goma na cajar waya, sai takwas aka kai wurin masu lodi. Na koma shagon, yaron da ke ɗan jin Turanci bai fito ba ranar, sai dattijon da ke da wurin. Na ɗaga yatsu goma, na ɗaga takwas, na nuna rasit. Ya dube ni ya ce "mou man tai", ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Na yi kusan awa guda a tsaye kamar an dasa ni, ban san ko cewa yake za a ciko min ba, ko kuwa nufinsa shi dai bai ga wata matsala ba. Da na iya tambaya uku, da gardamar ta mutu a minti biyu. Su da 'yan'uwansu zan shimfiɗa a nan, bi da bi.

Mataki na 1: Ka fara sanin da wa kake magana

Ba duk Basine ke jin Kantonis ba. Yaren Hong Kong ne da Macau da yankin Guangzhou, birnin da bakinmu ya mayar Gwanzu. A Hong Kong, daga Chungking Mansions da ke titin Nathan har kasuwar kayan lantarki ta titin Apliu a Sham Shui Po, shi ne yaren titi. A Gwanzu kuwa abin a gauraye yake: 'yan asalin gari da dattawa Kantonis suke yi, amma yawancin masu shaguna a kasuwannin sari na Sanyuanli da kewayen Xiaobei baƙi ne daga wasu larduna, Mandarin suke ji, wato Sinancin gama-gari. Shenzhen ma kusan duk Mandarin ne. Don haka kafin ka zuba, ka tambaya:

Nei5 sik1 m4 sik1 gong2 Gwong2 dung1 waa2? (Ka iya Kantonis?)

Idan ya ce sik1, ya iya. Idan ya tsaya yana kallonka, ka sami amsarka. Mutanen Gwanzu kan kira yaren nasu baak6 waa2, kada ka ji wannan ka zaci wani yare ne daban.

Mataki na 2: Ka koyi karanta rubutun da ke da lambobi

Wannan rubutu sunansa Jyutping, ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ce ta fitar da shi a 1993, kuma da shi yawancin ƙamusoshin waya suke aiki. Kada ka karanta shi da bakin Hausa kai tsaye, akwai haruffan da za su yaudare ka.

Harafin j, y ne namu. Jau5 ana faɗinsa kamar "yau". Harafin z ba z ɗinmu ba ne, yana tsakanin ts da j, kamar ka ce "tso" amma ba tare da ƙarfin nan na ts ɗin Hausa ba. Don haka zo2 ba "zo" na kira ba ne. Harafin c yana kusa da namu, da ɗan huci a bayansa. M4 shi kaɗai kalma ce, ka rufe leɓe ka yi "mm" can ƙasa, ma'anarta "ba". Kalmar da ta ƙare da p, t ko k, ana kama harafin ne a baki ba a sake shi: a dak1 harshe yana zuwa wurin k ya tsaya cak. Mu da muka saba liƙa wasali a ƙarshen kowace kalma sai mun kama kanmu, in ba haka ba "daki" za ta fito. Sannan aa doguwa ce, a gajera: gaai1 titi, gai1 kaza.

Lambar kuma karin murya ce, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Mu ma da karin murya muke raba wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, ko kukan yaro da kukar miya, sai dai ba ma rubutawa. Su nasu shida ne. Na 1 yana sama a miƙe. Na 2 yana hawa zuwa sama kamar mai tambaya cikin mamaki. Na 3 tsakiya a miƙe. Na 4 can ƙasa, yana daɗa gangarawa. Na 5 daga ƙasa ya ɗan taso. Na 6 ƙasa a miƙe.

A ganina kada ka ɓata wata guda kana neman bambance na 3 da na 6, yawanci zancen da ake ciki zai cece ka. Wurare biyu ne ban yarda a yi sakaci ba. Maai5 saye ne, maai6 sayarwa, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa. Sai hai6, wato "haka ne": ka riƙe ta a ƙasa, don idan ka ɗaga ta sama ta koma ashar mai nauyi.

Mataki na 3: Me si a?

Ga kyautar da yaren ya yi mana. Kalmarsu ta "me" ita ce me1. E, kamar tamu, illa dai tasu tana sama, tamu tana ƙasa. Si6 kuma al'amari ne ko lamari. Haɗa su:

Me1 si6 aa3? 咩事呀? (Me ya faru? Lafiya?)

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Jirgin ƙasa ya tsaya a tsakiyar hanya, mai shago ya kira ka yana ɓata rai, ka tarar da mutane sun taru a ƙofar masauki, duk ita ce. Idan kana son ta cika sosai ka ce faat3 sang1 me1 si6 aa3, wato me ya auku. Za ka ji wasu suna cewa mat1 je5 a maimakon me1, duk ɗaya ne.

Kada ka yar da aa3 ɗin ƙarshe. Ba ta da fassara, aikinta irin na "mana" da "dai" da "fa" ne a bakinmu. Ka dubi tazarar da ke tsakanin "zo" da "zo mana". Me1 si6 ba tare da aa3 ba tana fita a bushe, kamar ɗan sanda ne ke tambaya.

Akwai wata mai kama da ita, zou6 me1 aa3, a zahiri "yin me?". Tsakanin abokai ba komai, amma da murya mai kaushi tana zama "meye kuma?". Ka gane ta idan an faɗa maka, kai kuma ka bar ta sai kunnenka ya nuna.

Idan mutum ne abin ya sama, ya yi tuntuɓe a matakala ko ka ga ya dafe kai, ga abin da ake cewa:

Nei5 mou5 si6 aa1 maa3? (Ba ka ji ciwo ba dai ko?)

Amsar ita ce mou5 si6, ba komai. Idan kai aka tambaya, bayan mou5 si6 ka ƙara da jau5 sam1, a zahiri "akwai zuciya", godiyar da ake yi wa wanda ya damu da lafiyarka. Ina son wannan kalma ƙwarai. Af, kuma za ka ji matasan Hong Kong suna cewa lei5 maimakon nei5, da o5 maimakon ngo5, wato "ni". Ba kunnenka ba ne, haka suke faɗa.

Mataki na 4: Ka kama salon "akwai-babu"

Nan ne ya kamata ka daɗe, don wanda ya kama wannan salo zai iya ƙera tambaya ɗari da kansa. Mai Kantonis idan zai yi tambayar e ko a'a, yana jera abin da kishiyarsa ne, ya bar ka ka zaɓa. Jau5 akwai, mou5 babu. Jau5 mou5, akwai ko babu.

Jau5 mou5 man6 tai4 aa3? 有冇問題呀? (Akwai matsala?)
Jau5 me1 man6 tai4 aa3? (Mece ce matsalar?)

Duk abin da ka ɗora bayan jau5 mou5 ya zama tambaya. A gidan abinci, jau5 mou5 zyu1 juk6, akwai naman alade a ciki? Ka bi ta da jau5 mou5 zyu1 jau4, wato kitsen alade, don sau da yawa naman babu amma da kitsen aka yi suya. Inda ka ga 清真 a allo, cing1 zan1 ke nan, halal.

Haka sauran kalmomin aiki, ana saka m4 a tsakiya. Dak1 m4 dak1, zai yiwu ko ba zai yiwu ba? Ho2 m4 ho2 ji5, za a iya? Hai6 m4 hai6, wadda ake taƙaitawa hai6 mai6, haka ne ko ba haka ba?

Abin da ya fi muhimmanci shi ne amsar. Ba su da kalma guda ta "e" ko "a'a" da ke shiga ko'ina, da kalmar da ka yi tambaya ake amsa maka. Ka ce jau5 mou5, za ka ji jau5 ko mou5. Ka ce dak1 m4 dak1, za ka ji dak1 ko m4 dak1. Amfanin wannan ga baƙo babba ne: kai ka riga ka san kalmomi biyun da ɗaya daga cikinsu za ta fito, sai ka kasa kunne gare su kawai, ko da mutumin ya biyo da dogon bayanin da ba ka gane ba. Ka dai lura da ɗan "mm" ɗin nan, a bakin mai sauri yana kusan ɓacewa, kuma shi ne tsakanin "zai yiwu" da "ba zai yiwu ba".

Mataki na 5: Ka iya faɗin abin da ya lalace

Kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da yawancin ƙorafi. Waai6 zo2, ya lalace. M4 gin3 zo2, ya ɓata. Siu2 zo2, bai cika ba. M4 ngaam1, ba daidai ba ne, ko ba shi aka ce ba. Mou5 din6, babu wuta ko babu caji. Zo2 ɗin da ke biye da wasunsu alama ce cewa abin ya riga ya auku.

Sai salon "ya ƙi": kalmar aiki, sannan m4 dou2. Hoi1 buɗewa ne ko kunnawa, hoi1 m4 dou2 ya ƙi buɗuwa. Jung6 amfani, jung6 m4 dou2 ya ƙi aiki. Katin Octopus ɗinka, wanda ake biyan kuɗin sufuri da shi a Hong Kong, ya ƙi wucewa a ƙofar jirgin ƙasa, ka ɗaga shi ka ce wa ma'aikaci m4 goi1, jung6 m4 dou2, wato don Allah, ya ƙi aiki. Ya wadatar.

Ga yadda ake yi a teburin mai gyaran waya a Sham Shui Po. Mai sana'ar hannu si1 fu2 ake ce masa, kamar yadda za ka ce "maigida" ko "oga" a garejin kanikawa.

Kai: Si1 fu2, m4 goi1. Bou6 din6 waa2 hoi1 m4 dou2 gei1. (Maigida, don Allah. Wayar ta ƙi kunnuwa.)
Shi: Jau5 mou5 jap6 seoi2 aa3? (Ruwa ya shiga?)
Kai: Mou5. Zing2 m4 zing2 dou2 aa3? (A'a. Za ta gyaru?)
Shi: Zing2 dou2. Jiu3 wun6 din6. (Za ta gyaru. Sai an canza batir.)
Kai: Gei2 do1 cin2 aa3? Jiu3 gei2 noi6 aa3? (Nawa ne? Zai ɗauki wane lokaci?)
Shi: Bun3 go3 zung1. (Rabin awa.)

In ya gama zai miƙo maka ya ce gaau2 dim6, an gama, komai ya yi. Kai kuma m4 goi1 za ka ce, ba do1 ze6 ba. M4 goi1 ta aiki ce da hidima da neman a saurare ka, do1 ze6 ta kyauta ce.

Mataki na 6: Kada ka tsaya a kan "mou man tai"

Mu koma wurin dattijon nan da shayinsa. Da farko ba a shiga da faɗa. Mai shago lou5 baan2 ne ko lou5 sai3, kuma ana buɗe magana da m4 hou2 ji3 si1, wato a yi haƙuri, a gafarce ni. Sannan ka faɗi abin da ya faru a gajarce:

Lou5 baan2, m4 hou2 ji3 si1, siu2 zo2 loeng5 soeng1. (Maigida, a yi haƙuri, katan biyu ba su cika ba.)

Ka lura, biyu wurin ƙirga kaya loeng5 ce, ba ji6 ta lissafi ba. Wasalin oe kuma, ka shirya faɗin "e" sai ka tattara leɓe kamar mai cewa "o".

Yanzu idan ya ce mou5 man6 tai4, sai ka bi shi da ukun nan:

Dim2 gaai2 aa3? 點解呀? (Me ya sa?)
Gei2 si4 dou3 aa3? 幾時到呀? (Yaushe za su iso?)
Gam2 dim2 syun3 aa3? 咁點算呀? (To yanzu ya za a yi?)

Ta ukun ta fi sauran aiki, don ba zargi a cikinta, tana ɗora masa nauyin nemo mafita ne kamar ku biyu abin ya shafa. Idan kaya ne aka kawo ba irin da ka zaɓa ba, m4 ngaam1, ho2 m4 ho2 ji5 wun6 aa3, ba daidai ba ne, za a iya canzawa?

Don jin amsar "yaushe" kana bukatar gam1 jat6 yau, ting1 jat6 gobe, hau6 jat6 jibi, haa6 go3 lai5 baai3 mako mai zuwa. A nan akwai rami: jiya kam4 jat6 ce, kuma a kunnen baƙo ita da gam1 jat6 kamar tagwaye suke. Ta yau tana sama, ta jiya tana can ƙasa da huci. Washegari idan ka kira ko ka leƙa, fo3 dou3 zo2 mei6 aa3, kaya sun iso ko tukuna? Amsa ko dou3 zo2, sun iso, ko mei6, tukuna.

Sai gargaɗi. Za ka ji jau5 mou5 gaau2 co3 a titi kullum, kuma da yake ka san jau5 mou5, za ka fassara ta da "akwai kuskure?". Ba tambaya ba ce, tsaki ce da baki: "Haba! Wannan wane irin shirme ne?". Idan da gaske kana zaton an yi kuskure a rasit, ka ce hai6 mai6 gaau2 co3 zo2 aa3, ko dai an yi kuskure ne? Suna da abin da suke kira bei2 min2, ba mutum fuska, wato kare masa mutunci a gaban jama'a. Mai shagon da ka kunyata gaban yaransa zai iya gwammace ya rasa cinikinka da ya amsa laifi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari.

Mataki na 7: Jiki da takardu

A kantin magani ko asibiti tambayar da za a yi maka ita ce bin1 dou6 m4 syu1 fuk6, ina ne ba daɗi? Tau4 tung3 ciwon kai, tou5 tung3 ciwon ciki, faat3 siu1 zazzaɓi. In kalmar ta ɓace maka, ka nuna wurin ka ce ni1 dou6 tung3, nan ke ciwo. Idan zazzaɓi ne, ka tabbata likita ya san daga Afirka ta Yamma ka taso kwanan nan, ka nuna masa 瘧疾 a waya, zazzaɓin cizon sauro ke nan. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Sin ta rabu da cutar, don haka ba lallai ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

Fasfo wu6 ziu3 ne. Ngo5 m4 gin3 zo2 bun2 wu6 ziu3, fasfona ya ɓata. Ngo5 jiu3 bou3 ging2, ina son kai rahoto wurin 'yan sanda. Lambar gaggawa a Hong Kong 999 ce, a Gwanzu 110 ta 'yan sanda, 120 ta motar asibiti. Amma maganar asibiti mai nauyi, ko ta hukuma, ko duk takardar da za ka sa wa hannu, ka nemi tafinta. Jumlolin nan na buɗe ƙofa ne, ba na shari'a ba.

Mataki na 8: Yadda za ka sa su zauna a baki

Matsalar wanda ya iya tambaya da kyau ita ce a zaci ya iya yaren, a sako masa magana kamar ruwan Agusta. Ka tanadi birki: ngo5 m4 ming4, ban gane ba, m4 goi1 gong2 maan6 di1, don Allah yi a hankali, zoi3 gong2 jat1 ci3, sake faɗa.

Wajen bita, minti 15 a rana na mako uku kafin tafiya ya fi kwana guda cur a cikin jirgi. Ka sauke ƙamus ɗin Pleco ka kunna masa Kantonis, ko ka shiga words.hk, ka ji yadda ake faɗin kalma. Google Translate ma ya saka Kantonis tun 2024, sai ka tabbata shi ka zaɓa, ba Sinancin gama-gari ba, in ba haka ba Mandarin zai karanto maka. Ka ɗauki jumla biyu kacal a rana, ka saurara, ka faɗa, ka naɗi muryarka ka kwatanta. Jumlar gaba ɗaya za ka haddace da waƙarta, kamar yadda yaro ke ɗaukar karatu da kari, ba kalma ɗaya-ɗaya ba. In kana da abokin ciniki a WeChat, manhajar saƙon da ake amfani da ita a Sin, ka aika masa da saƙon murya guda ka ce ngaam1 m4 ngaam1, daidai ne? Yawanci dariya za su fara yi, sannan su gyara maka.

Mataki na 9: A rubuta

Duk yadda kunnenka ya kai, ranar isowar kaya da adadi da kuɗi ba a barin su a iska. Da zarar kun daidaita, ka miƙa rasit da biro ka ce:

M4 goi1 se2 dai1. 唔該寫低. (Don Allah rubuta.)

Ka duba abin da ya rubuta kafin ka bar shagon. Su wata suke fara sakawa kafin rana: 月 wata ne, 號 ko 日 rana, kuma a Gwanzu 號 ɗin za ka gan shi a taƙaice, 号. Idan ka ga 10月5号, ranar 5 ga Oktoba ake nufi, ba 10 ga Mayu ba. Alamar katan kuma 箱 ce, ka tabbata lambar da ke gabanta ita ce adadin da ya rage a ciko maka. Sai ka ɗauki hoton rasit ɗin a gabansa, ka tura masa ta WeChat nan take.